Zan iya mayar da tsohuwar kwamfutata sabar in ɗora shafi daga gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni ɗalibi ne, ina zaune da iyalina a Makka, wajen Shara Mansur. Shekara uku ke nan ina naɗar karatun da malaminmu ke yi mana da Hausa bayan Isha'i, yanzu fayilolin sun haura ɗari huɗu. 'Yan'uwa a Kano da Damagaram, da danginmu na Mai Wurno a Sudan, kullum sai sun ce in turo musu, ni kuma na gaji da turawa ɗaya-ɗaya ta WhatsApp. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10 da ba na amfani da ita, ga kuma intanet na gida. Wani abokina ya ce zan iya mayar da ita sabar in ɗora shafi a kanta ba tare da na biya kowa ba. Gaskiya ne? In haka ne, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. Sabar ba wata halitta ce ta daban ba. Duk kwamfutar da ke kunne, tana jiran mai neman shafi ta miƙa masa, ta zama sabar. Shafin intanet na farko a duniya ma a kan kwamfutar tebur ya zauna, wata NeXT da Tim Berners-Lee ke aiki da ita a cibiyar CERN kusa da Janeba, wajajen 1990 zuwa 1991. Har takarda aka manna mata, ana gargaɗin kada kowa ya kuskura ya kashe ta. Kai ma za ka buƙaci irin wannan takardar, za mu zo kanta.

Shirya kwamfutar shi ne mafi sauƙi, aikin yamma ɗaya ne. Abin da ba zan yarda maka da shi ba shi ne ka bar Windows 10 a kanta, domin Microsoft ta daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma na'urar da za ta fuskanci duniya ba ta zama da tsarin da aka daina toshe wa ɓaraka. Kwashe fayilolinka, ka sa mata Ubuntu Server ko Debian, dukansu kyauta ne kuma ba su da nauyi a kan tsohon ƙarfe. Sai ka ɗora Nginx ko Apache, wato manhajar da ke amsa baƙi, ka zuba shafinka a jakar da ta tanada. Za ka ji ana yawan ambaton XAMPP. Wannan don gwaji a cikin ɗaki aka yi shi, ba don a buɗe wa jama'a ba. In ka gama, ɗauki wayarka tana kan wayifai na gidan, ka rubuta lambar kwamfutar, irin su 192.168.1.20, za ka ga shafinka ya buɗe. A nan ne yawancin mutane ke murna su ɗauka an gama, alhali ba a fara ba.

Wannan lambar da ta fara da 192.168 ta cikin gida ce, kamar a ce "ɗakin tsakiya". Kowane gida yana da ɗakin tsakiya, ba wanda zai aiko maka da wasiƙa daga Damagaram da wannan adireshin. Adireshin da duniya ta sani shi ne wanda kamfanin sadarwa ya ba rautarka, wato akwatin da ke raba wayifai a gidan, kuma rauta ɗabi'arta ta mai gadi ce: na ciki ya fita ya dawo da amsa, amma baƙon da ba a aika a kira shi ba ba ya shiga. Don haka sai ka shiga shafin saitin rautar, sashen tura ƙofofi, ka gaya mata duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 80 ko ta 443 a kai shi wajen kwamfutar nan. Ta 80 ta HTTP ce, wato hanyar buɗe shafi ta gama-gari, ta 443 ta HTTPS, irinta mai ɓoye bayanai a hanya. A wannan shafin dai ka kafe wa kwamfutar lamba guda ta dindindin, in ba haka ba gobe rauta ta ba ta wata, baƙi su riƙa sallama a ɗakin da ba kowa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin lambobin intanet, duka-duka biliyan 4.3 ne, kuma babban rumbun da ake rabawa daga cikinsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda ƙarancin, kamfanoni da yawa sun koma haɗa gidaje masu yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Ka ɗauka bene ne mai hawa goma, ƙofar titi ɗaya, makullinta kuma yana hannun mai bene. Kai ƙofar ɗakinka kawai ka mallaka. Ko ka wangale ta, baƙo bai wuce ƙofar titi ba. An fi samun wannan a layukan 4G da 5G, irin rautar da ake sa wa sim a jona a bango, wadda gidajen haya da yawa a nan suka dogara da ita. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina juya saitin rautar wani ɗan'uwa, ina zargin kaina, ashe tun farko layin nasa ba shi da ƙofar titi.

Kafin ka wahalar da kanka, yi wannan gwajin na minti biyar. Duba adireshin da rauta ta nuna a matsayin nata na waje, sannan ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke gaya wa mutum lambar IP ɗinsa, wato adireshinsa na intanet. In lambobin biyu sun zo ɗaya, kana da ƙofa. In sun saɓa, musamman in ta rautar ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ta fara da 10, to kana bayan CGNAT, tura ƙofofi ba zai yi maka komai ba. Ko layinka na STC ne, ko Mobily ko Zain, kana iya kiransu ka tambayi ko suna ba da adireshi tsayayye da kuɗinsa. Galibi a tsarin 'yan kasuwa ake samunsa. Ka kuma duba sharuɗɗan kwantiraginka, don wasu layukan gida ba su yarda a kafa sabar a kansu ba. Wani zai ce maka ai akwai IPv6, sabon tsarin adireshi mai yalwa, kuma lallai Saudiyya ta yi nisa a kansa. Amma masu saurarenka suna Kano da Sudan, kuma wanda layinsa ba shi da IPv6 ba zai iso shafin da ke kan IPv6 kaɗai ba.

In ka dace kana da ƙofa, saura suna. Adireshin gida yakan canza, yau wannan, bayan an kashe rauta an kunna wani. Maganinsa hidimomi irin su DuckDNS ko No-IP: wata 'yar manhaja ce ke zaune a kwamfutarka, duk lokacin da lambar ta canza sai ta sanar, sunan shafin ya bi sabuwar. In kana son suna naka na kanka mai ƙarewa da .com, kuɗinsa na shekara ne, ba shi da yawa. Mai ƙarewa da .sa na Saudiyya kuwa, cibiyar SaudiNIC ke kula da shi kuma yana da sharuɗɗansa. Takardar shaidar HTTPS kada ka saya, Let's Encrypt na bayarwa kyauta tun 2015, wa'adinta gajere ne amma manhajar Certbot na sabunta ta da kanta. Kada ka tsallake wannan, don tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro, mutanenmu kuma da sun ga haka sai su ja da baya. Lokacin gwaji kuma ka kashe wayifai ka shiga da datar wayarka, don wasu rautoci ba sa barin na cikin gida ya zagayo ta ƙofar waje.

Wanda ya tarar yana bayan CGNAT bai rasa hanya ba. Akwai Cloudflare Tunnel: maimakon baƙi su zo ƙofarka, kwamfutarka ce ke fita ta riƙe igiya da sabar ɗin Cloudflare, baƙi su sauka can, a riƙa miƙo maka buƙatunsu ta igiyar. Ba ka buɗe ƙofa ko ɗaya ba, adireshin gidanka ma bai bayyana ba. Ko mai ƙofar titi, ni wannan nake fifita masa. Sai dai sharuɗɗan tsarinsu na kyauta ba su yarda a mayar da shi bututun bidiyo da manyan fayiloli ba, kai kuwa kayanka kusan duka sauti ne.

Mu yi lissafin layin. Lambar da kamfani ke tallatawa ta saukewa ce, kai kuma a matsayinka na sabar ta ɗorawa ce ke yi maka aiki, kuma yawanci ta fi ƙanƙanta. Karatun awa ɗaya a kilobit 64 yana kai wajen megabait 29. Fayil ɗari huɗu irin haka bai kai gigabait 12 ba, kowace tsohuwar kwamfuta za ta ɗauka. In ɗorawarka megabit 20 ce, a lissafi mutum ɗari uku za su iya saurare lokaci guda. Ran da ka ce za ka ƙara bidiyo mai cin megabit 3 kuwa, mutum shida sun cinye layin, uwargida kuma ba za ta iya kiran gida ba. Sauti dai ba matsala.

Batun "ba tare da na biya kowa ba" shi ne nake so mu auna da kyau. Kwamfutar tebur mai jan wat 80, in ta kwana ta wuni wata guda, ta ci kilowat-awa 58 ko kusa da haka. A farashin gidaje na halala 18 kowane ɗaya, da harajin kashi 15 cikin ɗari, riyal 12 ke nan a faturarka. Ƙaramar sabar haya, wadda ake kira VPS, ana samunta a wajen dala 5 a wata, wato ƙasa da riyal 19 tunda dala riyal 3.75 ce. Bambancin bai kai kuɗin shawarma biyu ba. Kuma ban sa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a lissafin ba. Kai ka san zafin Makka da bazara, digiri arba'in da wani abu. Kwamfutar da aka rufe a ɗaki ba sanyi, fankarta ta sha ƙura, ba za ta kai ka nesa ba. Ga UPS, batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, da za ka saya don rauta da kwamfutar duka. Ga takardar nan ta CERN: lokacin Hajji gida ya cika da baƙi, wani ya zare wayar ya sa cajar wayarsa, ko ka tafi hutu gida wata biyu ta tsaya ba mai tayar da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Duk adireshin da ya buɗe ƙofa, ba a jimawa manhajojin da ke sintiri a intanet dare da rana za su fara gwada shi. Ba don sun san ka ba, kowa suke bi. Duba littafin shige da fice na Nginx bayan kwana ɗaya, za ka ga ana ta neman shafin shiga na WordPress, wata manhajar gina shafuka, ko da ba ka sa shi ba. In aka fasa sabar haya, sabar ce ta tafi, ka goge ka sake. In aka fasa ta gida, ɓarawo ya shigo zaure ɗaya da wayar iyalinka da kwamfutar da kake shiga banki. Don haka ƙofa biyu kacal, 80 da 443. Kada ka buɗe ta 22 ta SSH, wadda ake sarrafa sabar daga nesa ta cikinta, ga duniya da kalmar sirri, yi amfani da makullin SSH. Kada ka taɓa saitin da ake kira DMZ, shi ke wangale komai. Kunna sabuntawa ta kai-tsaye, ka canza kalmar sirrin rautar da ta zo da ita daga kanti. Shafin kuma ya zama tsararren HTML, jerin darussa da maɓallin saurare, ba rumbun bayanai ba rajista. Abin da babu shi ba a fasa shi.

Rashin rajistar yana da wani amfanin. Da zarar ka fara karɓar sunaye da lambobin waya, ka shiga ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023 kuma hukumar SDAIA ke sa ido a kanta. Ka tuna kuma layin nan da iƙamarka, wato katin zamanka, aka yi masa rajista, duk abin da ya fita ta cikinsa da sunanka ya fita. Nemi izinin malam kafin ka ɗora ko fayil ɗaya, ka tambaye shi ko akwai darasin da bai so a yaɗa, ka kuma cire inda muryoyin ɗalibai suka ambaci sunaye ko matsalolin gidansu.

Da ni ne kai, zan raba aikin biyu. Sautukan in ɗora su a Internet Archive, kyauta ne, kuma tuni karatuttukan malamai da dama suke can. Shafin jerin darussan in sa shi a GitHub Pages ko Cloudflare Pages, su ma kyauta, kowane darasi da mahaɗinsa. Wannan zai ci gaba da aiki ko kana Mina ko kana Kano. Tsohuwar kwamfutar kuma kada ka yar da ita: sa mata Ubuntu ɗin, ka kafa shafin a cikin gida, ka lalata ka gyara har hannunka ya faɗa, sannan ta zama ma'ajiyar kwafi na biyu na karatun. Na uku kuma ya zauna a wani faifai na waje, a gidan wani ɗan'uwa.

Kafin ka ɗora komai, gyara sunayen fayilolin: sunan littafi, lambar darasi da sifili a gaba, kamar 007, sai kwanan wata, ba tazara ba haruffa masu lanƙwasa. Ka kuma rage su zuwa MP3 mai kilobit 48 ko 64, murya ɗaya ba ta buƙatar fiye da haka, kuma danginka na Mai Wurno da ke sayen data kaɗan-kaɗan su ne za su fi jin bambancin.