Wutar da Ke Shiga Bututu Ba Tare da Waya Ta Taɓa Shi Ba

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi na'urarka ta nuna bolt 5 a jikin bututun ƙarfe da ke binne alhali babu wayar da ta taɓa shi, kuma ka ce tun da bai kai bolt 15 ba, ai babu damuwa.

Wutar da ke bin manyan layuka, irin mai bolt 330,000 da ya taso daga Mando a Kaduna zuwa Kumbotso a Kano, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma tana haifar da maganaɗisu a kewayenta. Duk ƙarfen da ya miƙe kusa da layin yakan ɗauki wuta daga wannan maganaɗisun, kamar yadda ake yi a cikin taransifoma. Saboda haka kafin a haƙa rami muke auna tsawon tafiyar da bututu zai yi kafaɗa da kafaɗa da layin, da tazarar da ke tsakaninsu, sannan mu nemi yawan wutar da layin ke ɗauka a lokacin da lodi ya fi nauyi. Ka riƙe cewa wutar da ke shiga bututun takan fi ƙarfi ne a inda bututun da layin suka haɗu da inda suka rabu, don haka can ake fara kai na'ura, kuma a bar ta awa 24 tana ɗaukar lissafi, domin awon safe ba ya gaya maka abin da ke faruwa bayan magariba.

Bolt 15 ɗin da ka ambata iyaka ce ta kare mutumin da zai taɓa bututu. Lafiyar ƙarfen kuwa ƙasa ce ke yanke hukunci a kanta, kuma nan ne nake so ka natsu. Ana kafa sanduna huɗu a jere a auna yadda ƙasa ke hana wuta wucewa. Idan rufin da aka lulluɓe jikin bututu da shi ya huje da faɗin santimita ɗaya murabba'i, bolt 5 ɗinka a ƙasa mai om-mita 100 (ma'aunin yadda ƙasa ke hana wuta wucewa ke nan) zai fitar da kamar ampiya 11 a kowace murabba'in mita, amma a ƙasa mai om-mita 10 zai haura 110, alhali daga 30 muke fara tsoron tsatsa. Shi ya sa ban taɓa yarda da awon da aka yi a kan busasshiyar marmara a ce ya wadatar da fadamar kogin Galma ko bakin kogin Kubanni a Zariya ba, musamman da damina, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi barin wuta ta wuce.

Idan lissafi ya nuna haɗari, sai a shimfiɗa igiyar tutiya a gefen bututu ta kwashe wutar zuwa ƙasa. Gobe ka zo da sandunan nan huɗu, daga fadama za mu fara.