Gishiri busasshe bai kunna ƙwai ba, ruwan gishiri ya kunna: ina sirrin?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. A ɗakin gwaji mun haɗa batir da ƙaramin ƙwan fitila, muka cusa bakin wayoyi biyu cikin busasshen gishiri, ƙwan ko ƙyaftawa bai yi ba. Da muka zuba ruwa muka motsa, sai ga haske. Ruwan ne ke ɗaukar wutar ko gishirin?

Amsa: Ƙanwata, da kun tsoma wayoyin a tataccen ruwa zalla, wanda babu komai a cikinsa, shi ma ƙwan ba zai kama ba. Don haka aikin na gishirin ne, ruwan kwance shi kawai ya yi.

Lantarki ba ya ratsa abu sai in akwai mai caji da zai tashi daga nan ya koma can. A wayar tagulla, ilektaron, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu caji, su ne ke wannan zirga-zirgar. Gishiri kuwa haɗin sodiyam ne da kulorin: sodiyam ya ba da ilektaron guda, kulorin ya karɓa, kowannensu ya zama mai caji, abin da ake kira ayon. Cajin yana nan tun gishirin na busasshe. Matsalar ita ce a cikin ƙwayar gishiri kowane ayon na sodiyam yana kewaye da na kulorin shida, sun riƙe juna gam, sai dai ɗan karkarwa a wuri guda. Kamar motoci ne maƙare da kaya a cunkoso, ba gaba ba baya.

A nan Hausa tana ɗan ruɗa ɗalibai, domin kalma guda muke da ita, narkewa, ga abubuwa biyu. Akwai narkewa cikin ruwa, wadda kuka gani: ƙwayoyin ruwa su yanyame ayon ɗin, su ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya, sai na sodiyam su nufi waya ɗaya, na kulorin su nufi ɗayar. Akwai kuma narkewa da zafi, babu ko ɗigon ruwa. Gishirin miya yana zama ruwa-ruwa a digiri 801 na ma'aunin Salshiyos, kuma a wannan hali yana ɗaukar lantarki sosai. Da wannan dabara masanin kimiyya Humphry Davy ya fitar da sodiyam da fotasiyam a Ingila a 1807, daga narkakkun sinadaransu.

Ki gwada sukari. Zai narke tas, amma ƙwan zai yi shiru, saboda ƙwayoyinsa ba su da caji. Jiƙon kanwa kuwa zai kunna shi. Ruwan rijiya da gumin jiki su ma suna ɗauke da ayon, shi ya sa taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu ganganci ne. Gwajin nan da batirin tocila ake yin sa, kada ki kuskura ki kai shi ga wutar gida.

Sai kuskuren da na gaji da gani a takardun jarrabawa: yaro ya rubuta cewa gishiri in ya narke "ilektaron sun sami 'yanci". Maki ya tafi ke nan. Ayon ne suka sami damar motsi, haka za ki rubuta.