Maganin Sin ga faifan ƙashin baya da ya zame

Malam, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka ce hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugunka ya ɓullo yana danne jijiya, kana tambaya ko maganin gargajiyar Sin zai taimaka.

Zai iya rage raɗaɗi, amma ba ya mayar da faifan mazauninsa. Wanda na fi natsuwa da shi shi ne akufanca, siraran allurai da ake kafawa a ƙugu da bayan gwiwa na kamar minti 20 zuwa 30. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta saka shi cikin abin da za a fara gwadawa ga ciwon baya. Ƙahon Sinawa na kofin gilashi yana sassauta tsoka ne kawai. Tausar tuina kuwa, kada ka yarda a murɗa maka ƙugu da ƙarfi.

Jiƙo nake tsoro. Tsohon haɗin Duhuo Jisheng Tang yana ɗauke da saiwar xixin, wadda ke iya lalata ƙoda, don haka sai da sanin likitanka.

Yawanci ciwon kan lafa cikin mako 6 zuwa 12. Amma in fitsari ya ƙi tsayuwa, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ka fara jan ƙafa, ka wuce asibiti a ranar.