Ƙanina ya sha magani fatarsa ta saluɓe, za mu iya neman diyya?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ƙaninki ya sha Septrin daga kemis, bayan kwana 10 zazzaɓi ya rufe shi, leɓɓansa suka farfashe, fata ta fara saluɓewa. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu ƙuna, can ake kwantar da irinsu.

Abin da kika faɗa ya yi kama da ciwon Stevens-Johnson, wato mummunar illar da magani kan yi wa fata. In fatar da ta tashi ta haura kashi 30 cikin 100 na jiki, sai likitoci su kira shi TEN, kuma yana kisa. Septrin, Fansidar, Tegretol na farfaɗiya, nevirapine da allopurinol na cikin waɗanda suka fi jawo shi. Abin takaici, a gida sai a ce ƙyanda ce ko sammu, a ci gaba da ɗura masa maganin. A dakatar da maganin yau, a kai ƙanin naki babban asibiti. Ku nace likitan ido ya duba shi tun yana kwance. Fata takan warke, amma na ga wanda aka sallama fatar idonsa ta manne da ƙwayar, hawayensa ya ƙafe, ko hasken taga ba ya iya kallo.

Batun diyya kuwa, ba zan ɓoye miki ba, da wuya. Kotu ba ta biya don kawai magani ya yi illa, sai an nuna sakaci: an san sulfa, wato dangin magungunan da Septrin ke ciki, ba ta karɓe shi ba aka sake ba shi, ko ƙuraje sun fito aka ce ya ci gaba da sha. Ko a Amurka, wata mata da kotu ta ce a biya ta diyyar dala miliyan 21 kan illar maganin sulindac, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2013.

Duk da haka ku adana kwalin maganin mai lambar NAFDAC, rasit, katin asibiti, da hotunan jikinsa na kowace rana. Ku sa a cike takardar rahoton illar magani ta NAFDAC. Ƙorafi kan mai kemis hukumar kula da masu sayar da magani (PCN) ake kai wa, kan likita kuma hukumar kula da likitoci (MDCN). In da hannun asibitin gwamnati, ku ga lauya da wuri, don dokar da ke kare ma'aikatan gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara.

In ya tashi, a rubuta masa sunan maganin a kati ya riƙa yawo da shi. Fansidar ma kada ya kuskura, danginsu ɗaya da Septrin.