Amsa kan lambar 142857

Malam, ka tambaya ko 142857 na cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. A'a. Mara ce, amma haɗa alƙalumanta ka samu 27, kenan 9 na raba ta. Tushenta 3×3×3×11×13×37, masu raba ta guda 32.

Abin da ya fi burge ni shi ne ninkinta. Sau 2, 285714; sau 3, 428571. Alƙaluman nan shida ne ke zagayawa har sau 6. Sau 7 kuwa, 999999, don daga 1÷7 ta fito. Na rubuta wa ɗalibaina a allo nan Samaru, wallahi ajin ya yi tsit.