Amsa: Shin duk adabin Amurka da Turanci aka rubuta shi?

Malam, ka tambaya ko marubucin da ya yi hijira zuwa Amurka sai ya ajiye harshensa kafin a saurare shi. A'a, ba dole ba ne, ko da yake kasuwar littafi ta fi son Turanci.

Dubi Isaac Bashevis Singer, Bayahude daga Folan da ya sauka New York a 1935. Da Yiddish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, ya ci gaba da rubutu, a jaridar 'yan uwansa baƙi, har ya samu kyautar Nobel a 1978. Gloria Anzaldúa kuwa, 'yar kan iyakar Texas da Meziko, a littafinta na 1987 ta cakuɗa Turanci da Sifaniyanci, sau da yawa ba fassara. Da gangan ta yi, don mai Turanci zalla ya ɗanɗana abin da wanda Turanci ba harshensa ba ne ke sha.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Umar ibn Said, malami daga Futa Toro, a yankin Kogin Senegal, da aka sayar bawa zuwa Amurka. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a North Carolina, ya buɗe da Suratul Mulk. Rubutun yana Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yanzu.