Amsa: Ta ina zan fara neman tsoffin gine-ginen Zariya?

Malam, ka tambayi inda za ka ga tsoffin gine-gine da asalin sunan unguwar PZ. Zariya ba gari ɗaya ba ce, ka raba yawonka.

Fara da cikin Birni ta Ƙofar Doka, ka nufi Masallacin Juma'a da ke kusa da fada. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarim. Kada simintin waje ya ruɗe ka, ginin ƙasar yana ciki. Ɗaga kai ka dubi bakan gizon, wato lanƙwasar da ke riƙe da rufin: azara ce aka jera hawa-hawa, aka ɗaure, aka shafe da ƙasa. Abin da ke kashe irin wannan gini ruwa ne. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro, azara ta ruɓe. Yaɓen siminti kuwa riƙe danshi yake yi har bango ya zube ta ciki. Makuba, wato yaɓen gargajiya na ɓawon ɗorawa, ta fi shi.

Sabon Gari jirgin ƙasa ya haife shi, bayan dogo ya iso a 1911. PZ sunan kantin Paterson Zochonis ne ya bi unguwar. Auduga da gyaɗa suka jawo irin waɗannan kamfanoni bakin tasha, kuma har 1957 akwai ƙaramin dogo zuwa Jos.

Ka leƙa Kamfanin Gaskiya na ɗab'in littattafai, wanda aka kafa a 1945, sai cocin ginin ƙasa na Wusasa na 1929. Gidajen Birni dai da mutane a ciki, ka yi sallama a zaure kafin ka ɗaga kyamara.